Gajerun finafinan yaranmu: a ina ya kamata a fara nuna su?

Malamin Ringim:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina roƙon a ba ni aron hankali a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun hutun da ya wuce. Wasu tsofaffin ɗalibaina su huɗu sun kawo mini wani ɗan fim da suka ɗauka da wayar hannu, tsawonsa bai wuce minti 14 ba. Labarin wani manomi ne da ambaliyar 2022 ta cinye masa gonar shinkafa, ya rasa da wane ido zai kalli mutumin da ya ba shi bashin taki, har ya koma yin sallar asuba a wani masallaci na bayan gari don kada su haɗu. Babu waƙa a ciki, babu rawa, babu fitaccen jarumi ko ɗaya. Kawun ɗaya daga cikin yaran ne ya fito a manomin, kuma da rigarsa ta gona ya fito. Akwai wurin da ya tsaya a bakin gonar yana murza ruɓaɓɓiyar zangarniya a tafin hannunsa, bai ce uffan ba har kusan minti guda, kuma a nan ne na ajiye wayar na yi shiru, domin na san mutane da yawa da suka yi irin wannan tsayuwa a waccan shekara.

Da na tambaye su su wa suka kalla, sai suka ce sun ɗora shi a YouTube wata biyar da suka wuce, kuma waɗanda suka buɗe shi ba su cika ɗari biyu ba, galibinsu abokansu ne. Mutanen ƙauyen da aka ɗauki fim ɗin a cikinsa ba su gani ba. Wannan ne ya dame ni. Shawarar da nake kawowa ita ce, idan an gama girbi, mu tara irin waɗannan gajerun finafinai guda biyar ko shida daga yaran yankunanmu, mu zagaya da su ƙauyuka mu haska su a fili kamar yadda ake yin majigi a da, sannan waɗanda suka yi su su tsaya a gaban jama'a su amsa tambayoyi. Ina ganin fim ɗin da aka yi a kan mutane, su ne suka fi cancanta su fara ganinsa. Ina sauraron ra'ayinku.

Baba Na Gumel:
Wa alaikumus salam Malam. Da ka ambaci majigi ka mayar da ni yarinta. Motar takan iso ne da la'asar, kafin ta iso kuwa an riga an yi shela a gari, yara muna biye da ita har ƙofar fadar hakimi. Bayan an idar da sallar isha sai a kafa farin ƙyalle, a tayar da inji, wani mutum ya riƙe lasifika yana yi mana bayanin abin da ke gudana. Turawa ne suka fara kawo ta, gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da ita, kuma abin da ake nuna mana shi ne noman gyaɗa da auduga, da tsaftar gida, da rigakafi, da rangadin Sardauna. Mun ƙaru da ita ƙwarai, amma ban taɓa ganin fuskar wani ɗan garinmu a jikin ƙyallen nan ba. Kullum daga sama ake zuwa a gaya mana yadda za mu yi. Idan yau jikokinmu ne za su tsaya su nuna mana kanmu, ni ina goyon baya.

Abu biyu zan ja hankalinku a kai tun da wuri. Kada ku sa rana a tsakiyar wata, domin hasken farin wata yana kashe hoto a fili. Ku nemi kwanakin duhu, wajen ƙarshen wata ko farkonsa. Na biyu, lokacin da kuke magana lokacin hunturu ne, iska za ta riƙa kaɗa ƙyalle har fuskar mutum ta karkace. Bangon makarantar firamare da aka shafa wa farin fenti ya fi kowane ƙyalle.

Ɗan Wudil:
Malam, da Baba, ina gaishe ku. Ni sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna, kuma na yi gajerun finafinai uku da kuɗin aljihuna, saboda haka ku yi mini uzuri idan na zo da maganar da ba ta da daɗin ji. Niyyar tana da kyau, amma wa zai biya? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tayar da janareta na awa uku ba ƙaramin abu ba ne, ga hayar na'urar haska hoto, ga lasifika, ga kuɗin motar da za ta kwashi kaya da mutane daga wannan ƙauye zuwa wancan. A ƙarshe yaron da ya yi fim ɗin zai koma gida da tafi da sambarka, aljihunsa kuwa babu ko sisi, alhali abin da zai sa ya yi fim na biyu shi ne ya ga na farko ya mayar masa da wani abu.

Kasuwar fim ta bar hannun masu faifai tun tuni. Waɗanda suka san Ƙofar Wambai a zamanin kaset da faifai sun san yadda take a da. Yanzu kuɗin yana YouTube da tashoshi irin su Arewa24, kuma YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda. Ku lissafa sau nawa za a kalli fim mai minti 14 kafin a haɗa awa 4,000. Dalilin da ya sa kowa ya koma fim mai dogon zango ke nan. Ni a ganina, maimakon mu ƙona mai muna yawo, gara mu haɗa yaran nan su buɗe tasha guda ɗaya, kowa ya zuba aikinsa a ciki, mabiyan su taru wuri ɗaya.

Malamin Ringim:
Ƙanena, ba ka faɗi abin da ba daidai ba, kuma shawarar tasha guda ɗaya shawara ce da zan kai wa yaran yau ɗin nan. Sai dai ina so ka duba wani abu. Ɗari biyun da suka kalli fim ɗin nan a intanet, babu wanda ya ce da su ga inda kuka yi daidai, ga inda kuka kuskure. Abin da suka samu shi ne "Allah Ya ƙara basira" sau ashirin. Mai koyon sana'a kuwa yana bukatar ya zauna a bayan masu kallo ya ji inda suka yi tsit, da inda suka fara hira a tsakaninsu, da inda suka yi dariya a wurin da shi ya yi nufin a ji tausayi. Manomin da ambaliya ta ci gonarsa shi ne zai gaya wa yaron nan cewa ba haka ake tsayawa a gaban mai bin bashi ba. Wannan karatu ba a samunsa a lissafin masu kallo. Kuma dattijon da ke ƙauye mai ƙaramar waya, wanda sai ya hau tudu kafin ya samu sabis, yaushe zai sayi data don ya kalli fim ɗin jikansa?

Ɗan Wudil:
Na yarda da wannan, Malam, amma tunda maganar koyo ta shigo, bari in faɗi abin da zai ba mu kunya a fili idan ba a gyara shi ba, wato sauti. Wayoyin yanzu suna ɗaukar hoto mai kyau, kowa ya sani, amma abin da ake ji a waya a kusa da kunne daban yake da abin da zai fito daga babbar lasifika a gaban mutum ɗari uku. Fim ɗina na farko na ɗauke shi a bakin kogi, ina ta murna da kyawun hoton, da na zo haɗawa sai na tarar iska ta cinye maganar gaba ɗaya, abin da ake ji kawai huuu, da ƙarar injin ban-ruwa daga can nesa. Sai da na sake tara mutanen a ɗaki suka maimaita maganganunsu, bakin da muryar kuma suka ƙi haɗuwa. Daga baya na koyi saƙala ƙaramin makirfo a wuyan riga, in naɗe kansa da guntun soso, in sa waya ta biyu a aljihun mai magana tana naɗar murya ita kaɗai, in kuma tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka domin in samu inda zan daidaita murya da hoto. Mutanenmu mutanen sauraro ne, da rediyo suka tashi. Za su yafe maka hoto mai duhu, amma idan ba sa jin abin da ake faɗa, tashi za su yi.

Malama 'Yar Gwaram:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina so in tambayi Malam: idan aka ce jama'ar gari, su wa ake nufi? Domin idan a fili za a haska bayan isha, waɗanda za su hallara maza ne da samari da yara. Matan aure ba za su fito ba, kuma babu mai hankalin da zai ce su fito su cakuɗa da maza cikin dare. To amma a fim ɗin da kuka ba da labarinsa, wace ce ta auna ragowar hatsin da ke rumbu bayan ambaliyar, ta san kwana nawa zai kai? Wace ce ta sayar da akuyarta aka rage bashin? Idan har ana so a ce an nuna wa gari, sai a yi zama biyu. Na mata a yi shi da hantsi ko bayan azahar, a cikin aji ko a babban gidan da mata suka saba taruwa, a toshe tagogi da tabarmi domin a samu duhu, kuma mace ce za ta tsaya ta gabatar, ta karɓi tambayoyi.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Ina aiki a ƙaramin asibiti, kuma shekaru biyu da suka wuce wasu samari suka zo da kyamara suka ce suna haɗa ɗan fim a kan wahalar haihuwa a karkara. Wata baiwar Allah da ta rasa jaririnta ta zauna ta ba su labarinta tana kuka, a zatonta abin zai tsaya a wani ofis ne can birni. Bayan 'yan makonni sai ga fuskarta tana yawo a wayoyin samarin garin, masu tura finafinai a kasuwa sun zuba wa kowa. Dangin mijinta suka ce ta tona asirin gida, sai da ta yi wata biyu a gidan iyayenta kafin manya su sasanta. Har yau idan ta zo awo ba ta haɗa ido da ni, domin ni ce na ce mata ta saki jiki da su. Saboda haka duk fim ɗin da za a karɓa, a tabbata duk wanda fuskarsa ta fito an gaya masa a fili cewa a garinsu za a haska, a gaban maƙwabtansa da surukansa, kuma ya amince. Amincewa a ɗauke ka daban, amincewa a nuna ka a ƙofar gidanku daban.

Malamin Ringim:
Malama, Allah Ya saka da alheri. Wallahi ban kawo zaman mata a raina ba, kuma maganarki ta biyu ta sa na tsargu, domin ban tambayi yaran ba ko shi kawun nasu ya san inda hotonsa zai kai. Zan bincika.

Malamin Islamiyya na Bebeji:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni daga yankin da aka so a gina alƙaryar fim nake, a garin Kofa, a shekarar 2016, kuma kowa ya san yadda malamai da jama'a suka tashi tsaye har gwamnatin tarayya ta janye. Ba zan sake buɗe waccan muhawara ba, illa dai in ce abin da na fahimta daga gare ta: mutanenmu ba sa son a yanke hukunci a kan tarbiyyar 'ya'yansu a wani wuri sannan a zo a sanar da su. Kalmar fim ita kanta tana ɗauke da kaya a kunnen iyaye, saboda abin da suka gani na raye-raye da shigar da ba ta dace ba. Idan kuka sauka a ƙauye da na'ura ba tare da an san ku ba, ko da abin da kuka kawo wa'azi ne, za a samu wanda zai ce an zo lalata yara, kuma kafin ku yi bayani magana ta riga ta zagaya gari.

Shawarata ita ce a fara da dagaci da limamin gari. A zauna da su a zaure a nuna musu finafinan tun daga farko har ƙarshe kafin ranar, ba a ba su labari da baki ba. Abin da suka ce a cire, a tattauna da su cikin ladabi. A kuma tsare lokacin salla, a tashi da wuri domin yara masu zuwa makarantar allo da asuba. Idan aka yi haka, ni da kaina zan zauna a sahun gaba, domin labarin mutumin da bashi ya hana shi sallar jam'i a masallacin unguwarsu abu ne da ni ma zan so in yi wa ɗalibaina magana a kansa.

Ɗan Wudil:
Akaramakallahu, ina girmama maganarka, amma ina da fargaba a kan "abin da suka ce a cire". Idan yaro ya yi fim a kan yadda ake karkatar da takin tallafi, ko yadda ake sayar da burtali har makiyayi ya rasa hanyar wucewa, kuma wanda za a fara nuna wa yana da hannu a irin wannan, me zai rage a fim ɗin? Amfanin ɗan fim mai zaman kansa shi ne babu furodusan da ya zuba kuɗi balle ya ce a sa waƙa ko a cire gaskiya.

Malamin Islamiyya na Bebeji:
Ɗana, tambayarka tana kan hanya. Abin da nake nufi shi ne abin da ya shafi kunya da mutunci, da kuma kama sunan wani ko kwaikwayon wani sananne a gari ta yadda kowa zai gane shi. Faɗar gaskiya a kan zalunci kuwa ba ni da ja a kanta, kuma limamin da ya san aikinsa ba zai hana ba. Idan wani gari suka ƙi, sai ku wuce gari na gaba ba tare da rigima ba.

Ɗalibin Kafin Hausa:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ina so in ƙara wani abu domin kada yaran nan su ɗauka gajeren fim abin wanda ya rasa kuɗin yin dogo ne kawai. A ƙa'idar masu ba da kyautar Oscar a Amurka, duk fim ɗin da bai wuce minti 40 ba gajere ne, kuma yana da rukuninsa na gasa. A nan Afirka ta Yamma ma da gajere aka fara. Ousmane Sembène na Senegal, wanda ake kira uban sinimar Afirka, ya fito ne a 1963 da Borom Sarret, fim mai kimanin minti 20 a kan wani mai amalanken doki a Dakar da yadda wuninsa ya ƙare. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa sun riga mu nisa a wannan fage: Moustapha Alassane ya fara gajerun finafinai tun farkon shekarun 1960, har da na zane mai motsi, ya kuma zauna a Tawa har ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 2015. Oumarou Ganda, shi ma ɗan Nijar, shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972. Mu a nan kasuwar bidiyo ce ta raine mu tun daga Turmin Danya a 1990, kuma kasuwa dogon fim take so, shi ya sa gajere bai samu gindin zama ba.

Ta fuskar inda za a kai aiki bayan an nuna a gida, akwai bikin KILAF da ake yi a Kano domin finafinan harsunan Afirka, akwai kuma na Zuma a Abuja wanda Hukumar Finafinai ta Najeriya mai hedikwata a Jos take shiryawa. Abin da zan ja kunne a kai shi ne, wasu bukukuwan ba sa karɓar fim ɗin da aka riga aka sake shi a intanet, saboda haka gaggawar ɗorawa a YouTube tana iya rufe wa yaro wata ƙofa. Sannan duk wanda ke son aikinsa ya fita waje sai ya sa fassarar Turanci ko Faransanci a ƙasan hoto.

Akwai kuma batun hukuma. Hukumar tace finafinai ta ƙasa tana nan tun 1993, Jihar Kano kuma tana da tata tun 2001, kuma nuna fim ga taron jama'a yana cikin abin da suke sa ido a kai. Idan zagayen zai shiga Wudil ko Bebeji, ya kamata wani ya je ofishinsu a Kano ya ji ƙa'ida tun kafin a sa rana.

Baba Na Gumel:
Ɗana, ka kawo Senegal da Wagadugu, Allah Ya ƙara ilimi. Ni dai roƙona kada garin hangen na nesa a mayar da finafinan nan abin da aka yi domin baƙi. Na lura a finafinan birni, duk lokacin da aka nuna mutumin ƙauye, ko dai wawa ne da ya zo birni yana tsoron mota, ko kuma abin tausayi ne. Hausar da ake sa masa a baki ma ba ta kowane gari ba ce. Mu a nan Jigawa harshen Bagumale daban, na Bahaɗeje daban, ga Fulani a ko'ina, ga Mangawa da Badawa ta gabas. A bar kowa ya yi magana yadda uwarsa ta koya masa. Idan yaro daga rugar Fulani ya yi nasa da Fulatanci, a karɓa, a samu mai fassarawa da lasifika kamar yadda ake yi mana a majigi.

Ɗan Wudil:
Baba ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Marigayi Rabilu Musa Ibro ɗan Ɗanlasan ne, nan kusa da mu, kuma har ya rasu a 2014 babu wanda ya kai shi shiga zuciyar mutanen karkara, domin ya san maganarsu da tafiyarsu daga ciki. Waɗanda suka biyo baya suna kwaikwayo da yawansu hular da faɗuwar kawai suka ɗauka. Idan za a zaɓi finafinai, ina roƙon kada a ce sai masu ban tausayi kaɗai. A sa na barkwanci ko ɗaya ne, amma irin wanda mutanen gari za su yi dariya domin sun gane kansu, ba domin an mayar da su abin dariya ba.

Mai Gidan Kallo na Gujungu:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, sai da aka zo maganar kaya. Ina da gidan kallon ƙwallo, rumfar kwano ce mai benci goma sha takwas, kuma shekara biyu ke nan da na rage dogaro da janareta na koma sola da batir. Na'urar haska hoto ƙarama ba ta cin wuta sosai. Batir ɗina idan ya cika da rana zai riƙe ta da lasifika har a gama finafinai shida, tunda gaba ɗayansu ba za su wuce awa ɗaya da rabi ba. Ana iya ɗora batir ɗin a amalanke ko a bayan a-kori-kura a kai shi duk inda ake so, kuma babu ƙarar inji da za ta danne magana. Wannan ya rage rabin abin da Ɗan Wudil yake tsoro.

Inda na saba da Malam shi ne batun kyauta. Na shekara tara ina wannan sana'a, kuma na ga bambancin wanda ya biya da wanda ya leƙo ta taga. Wanda ya biya yana zama har a tashi, ya kuma hana na kusa da shi surutu. A fili ba za a iya karɓar kuɗin ƙofa ba tunda babu ƙofa, amma ana iya zagayawa da faranti bayan kowane fim, abin da aka samu a miƙa wa yaron da ya yi shi a gaban kowa, ko da kwanon gero ne wani ya bayar. Lokacin kaka ne, hannun mutane da ɗan abu. Ranar Lahadi kuma da kasuwarmu take ci, mutane suna zuwa daga ƙauyuka masu yawa, ina iya ba da rumfata da rana kyauta a yi gwaji kafin a fita ƙauye, in dai ba a yi karo da lokacin wasa ba. A nan ne za a gane fim ɗin da sautinsa ba zai yi ba.

Malama 'Yar Gwaram:
Shawarar faranti ta yi, kuma a zaman mata ma za a iya yi. Ina da 'yan mata biyu da suka gama sakandare, suna taimaka mana a asibiti, sun daɗe suna naɗar hirar wata tsohuwar ungozoma da waya, tana ba su labarin yadda ake karɓar haihuwa a da da abin da ya sauya. Ba su taɓa ɗaukar abin a matsayin fim ba. Idan Ɗan Wudil zai taimaka musu da haɗawa, ita tsohuwar kuma ta yarda, ina ganin ya isa a nuna, ko da a zaman mata kaɗai ne.

Ɗan Wudil:
Yaya, su turo mini ta hannunki, amma kada su tura ta WhatsApp kai tsaye domin yana rage ingancin hoto. Su sa a memori a ba direban da ke zuwa Wudil ranar Juma'a. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa faranti ba zai raya sana'a ba, kuma tashar nan ta haɗin gwiwa dole ce. Amma zan zo gwajin Gujungu da makirfo biyu, in nuna wa yaran yadda ake amfani da su.

Malamin Ringim:
Jama'a, na dawo da bayani a kan abin da Malama ta tayar. Jiya bayan la'asar na hau babur na je ƙauyen, na samu shi kawun a ƙofar gida yana gyaran mangala. Ashe bai taɓa ganin fim ɗin ba. Yaran sun ce masa aikin makaranta ne, ya ba su kwana biyu, ya manta da zancen. Muka shiga zaure na kunna masa a kwamfuta, ya kalla har ƙarshe bai ce komai ba, sai da aka zo wurin zangarniyar nan ya ce a mayar baya ya sake gani. Daga nan ya gaya mini abin da su kansu yaran ba su sani ba, cewa bashin takin nan gaskiya ne, akwai shi a kansa, ya biya kashi biyu saura ɗaya, kuma mai takin yana nan a garin, gidansa bai fi taku ɗari daga makarantar da muke son haskawa a bangonta ba.

Na ce masa idan bai so ba, za mu cire fim ɗin daga jerin, mu kuma sa yaran su sauke shi daga intanet. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce a bar shi, amma da sharaɗi guda: kafin a nuna wa gari, in dawo da kwamfutar ranar Laraba da daddare, shi zai je da kansa ya kira mai takin, su zauna a zauren nan su kalla su biyu. Abin da mutumin ya ce, shi za a yi. Saboda haka Mai Gidan Kallo, a dakata da sa wannan fim a gwajin Lahadi tukuna. Baba, a duba mana kwanakin duhun watan gobe. Akaramakallahu, idan da hali ina so ka raka ni ranar Larabar.